Jamusancin da nake tsinta a teburin Oma

Lahadi, 13 ga Oktoba, 2024

Yau kwanana goma sha biyu a gidan nan, kuma yau na buɗe wannan littafi. Niyyata ɗaya ce: kafin watan Yuni ya ƙare in zauna jarrabawar Jamusanci ta matakin B1, wato matsakaicin mataki, in ci, kuma in ci ta da Jamusancin da na tsinta a cikin gida. Digiri na biyun da ya kawo ni Kolon, a ƙasar Jamus, da Turanci ake koyar da shi, saboda haka mutum zai iya shekara biyu a garin nan bai taɓa hira da maƙwabcinsa ba. Na riga na haɗu da waɗanda suka yi hakan, ba na son in bi sahunsu.

Gidan na same shi ne ta wani tsari da suke kira Wohnen für Hilfe, wato zama a bakin taimako. Dattijo ko dattijuwa mai ɗakin da ba kowa a ciki sai ta ba ɗalibi, shi kuma ya biya da aiki maimakon kuɗin haya: kowace murabba'in mita ɗaya, awa ɗaya a wata. Ɗakina mita 16 ne, ke nan duk wata ana bi na bashin awa 16. Wuta da ruwa da ɗumama ɗaki ina biyan kasona, jinya kuwa ba ta cikin yarjejeniyar. Aikina cefane ne, da sharar ganye a lambu, da fitar da shara, da rakiya wurin likita.

Matar gidan shekarunta 79. Mijinta ya yi aiki a masana'antar motocin Ford da ke unguwar Niehl har ya yi ritaya, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ni da ita muna ƙasa. A saman bene akwai 'yarta da surukinta da jikoki biyu, namiji ɗan shekara bakwai da mace 'yar shekara huɗu. Mun shirya da ita cewa kullum ƙarfe shida da rabi na yamma za mu zauna a tebur tare, kuma daga an zauna har a tashi ba Turanci.

Darasin farko tun daren da na sauka na same shi. Ta yi miyar kabewa, na sha ɗan kwano ɗaya, ta ɗaga ludayi ta tambaye ni ko a ƙara. Na ce "Nein, danke", a'a na gode, kamar yadda Umma ta tarbiyyantar da mu a Zariya: baƙo ba ya cafke tayin farko, sai an yi masa na biyu da na uku, har a ce masa don Allah ya daina fulako. Ba ta sake tayin ba. Ta rufe tukunya ta kai firji, ni kuwa na kwana da yunwa. Ba rowa ta yi mini ba. Na ce a'a, ita kuma ta ɗauki maganata da daraja. Har yau ban iya cewa "Ja, bitte", i don Allah, ba tare da kunya ta rufe ni ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Yanzu lokacinmu ɗaya da Najeriya har ƙarshen Maris, na huta da lissafi in zan kira Umma.

Kalmomin mako biyun nan kusan duk na shara ne. Kwandon ruwan ɗorawa na leda da gwangwani, shuɗi na takarda, mai ruwan ƙasa na ɓawon dankali da ganyen lambu, ruwan toka na abin da ya rage. Gorar roba ba a yar da ita, ana mayarwa kanti a karɓi santi 25.

Jinsin kalmomi ne ke wahalar da ni. Mu biyu muke da su, namiji da mace, su uku gare su, kuma yarinya a wurinsu, das Mädchen, cikin na ukun ta faɗa. Amma na ji daɗin wani abu: rana a Jamusanci mace ce, die Sonne, wata kuma namiji, der Mond, daidai da namu. Na gaya wa matar gidan da guntun Jamusancina, ta ajiye wuƙar burodi ta sa na maimaita mata "rana" har sau uku.

Akwai abu biyu da ke damuna. Ta manna takarda a ƙofar firji tana rubuta awannin da na yi, har da rabin awa. A gidanmu wa zai ƙirga wa tsohuwa sharar da ya yi mata? Na biyu kuma, ban san da me zan kira ta ba. Ta ce in ce Frau in haɗa da sunan danginsu, in riƙa yi mata Sie, wato "ku" ta girmamawa. Sie ɗin ya yi mini daidai. Sunan ne ya ƙi fita daga bakina, sai kewaye-kewaye nake yi, in jira ta waiwayo kafin in yi magana.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Makon nan na kusa tattara kayana.

Ranar Litinin ta ƙwanƙwasa ƙofata, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Das geht so nicht." Haka ba zai yiwu ba. Ta jero abu biyu ba tare da ko sallama mai tsawo ba. Ɗakina ya fara warin danshi don ba na buɗe taga, kuma dole in wangale ta gaba ɗaya safe da yamma na minti goma ko da ana sanyi, in ba haka ba bango zai yi funfuna. Sannan kullum tana tarar da daɓen banɗaki a jiƙe, ita kuma tsohuwa ce, in santsi ya kwashe ta ƙashin ƙugu ne zai tafi. Ta gama ta juya.

Ban ce komai ba sai "Ja". Na rufe ƙofa na yi kuka. A kunnena faɗa ne, irin wanda ake yi wa wanda aka gaji da zamansa. Da a gida ne, babba zai fara da tambayar lafiya da karatu, ya kawo labarin wata yarinya a wani gida, ke da kanki ki gane inda aka dosa. Kwana uku ina zuwa tebur ina cin burodina shiru, ina ganin ai shirun nan ya isa ya gaya mata raina ya ɓaci. A Zariya da ya isa.

Ranar Alhamis 'yarta ta sauko ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, don mahaifiyarta ta damu, tana tsammanin abincin ne bai karɓe ni ba. Abin ya ɗaure mini kai. Ashe ita ta faɗi maganarta ta wuce wurin tun ranar Litinin, ni kaɗai nake ta dakon abin.

Daren nan na zauna da ƙamus na rubuta jimla shida, na haddace. Washegari a tebur na karanto su, muryata na rawa. "Ich wasche mich vor dem Gebet, fünfmal am Tag." Ina wanke jikina kafin salla, sau biyar a yini. Na nuna mata yadda ake alwala tun daga hannu har ƙafa. Na kuma gaya mata cewa butar da na zo da ita daga gida, wadda sau biyu tana ɗauke ta daga banɗaki ta kai wurin furanni, ba ta ban ruwa ba ce. Ta yi shiru, sannan ta ce abin da na rubuta a bangon littafin nan: in ban faɗa ba, ba ta da hanyar sani. Ranar Asabar na tarar da sabon tawul a rataye kusa da famfo da tabarmar roba a ƙasa, buta kuma tana inda na bar ta.

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi da Jamusanci. Ina buɗe taga yanzu, kuma gaskiyarta ce, warin ya tafi.

Laraba, 25 ga Disamba

Rana ba ta fitowa sai takwas da rabi ta wuce, kafin huɗu da rabi ta faɗi. Azahar sha biyu da rabi, la'asar biyu da 'yan mintuna, magariba na biye da ita, salla uku cikin awa huɗu. Duhun ya fi sanyin taɓa ni.

Ranar 6 ga wata na tarar da cakulan a cikin takalmina a bakin ƙofa. Al'adarsu ce ta ranar Nikolaus, yara ake yi wa. Yaron nan ɗan shekara bakwai shi ya tsaya ya karanta bayan kowace leda don ya tabbatar ba gelatin na alade, saboda ya taɓa gani na mayar da alawar da ya ba ni.

Jiya da daddare ne babban bikinsu, don a Jamus daren 24 ake taruwa a ba da kyaututtuka. Na yi ta tunanin ko in zauna a ɗaki. Na kira Baba, ya ce mutanen da suka ba ki ɗaki a gidansu ba kya ƙi zama a teburinsu ba, addininki yana zuciyarki. Da suka tafi coci na zauna a gida, da suka dawo na sa hijabina na hau sama. Abincin daren ba wani mai yawa ba ne, haɗin dankali ne da tsiran nan nasu, sai dai surukin ya je har titin Keupstraße da ke Mülheim, wurin Turkawa, ya sayo na halal domina.

Bayan an ci, matar gidan ta miƙo mini hannu ta ce lokaci ya yi da za mu koma du, wato "ke" ta sabo, maimakon Sie. A wurinsu babba ne ke yi wa ƙarami wannan tayin, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ta faɗi sunanta na yanka ta ce daga yau da shi zan kira ta.

Na riƙe hannunta, amma na kasa. Wata biyu da suka wuce da murmushi zan yi in ci gaba da kewaye-kewayena. Wannan karon na faɗa. Na ce a wurinmu ba a kiran babba da sunansa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin na mijinta. Ni kaina sunan kakata aka sa mini, shi ya sa a gidanmu ba mai kira na da shi, laƙabi ake yi mini. Na yi kuskuren nahawu ya fi a ƙirga, amma sun gane. Ana cikin shiru sai ƙaramar, bakinta duk cakulan, ta ce, "Sag doch Oma!" Ki ce Oma mana.

Oma ita ce kaka. Na daɗe a gado ina juya abin. A duk manyan gidan Bahaushe, kaka ce kaɗai ba a jin nauyinta. Ita ake yi wa wasa, ita ke kiran jikanta mijinta, jikanyarta kuma kishiya. Abin da ba zan iya gaya wa Umma ba, a ɗakin Iya nake zazzage shi tana tsokanata. Tun Oktoba na ajiye matar nan a matsayin suruka ko uwar ɗaki, shi ya sa harshena ke ɗaurewa a gabanta. Yarinya 'yar shekara huɗu ta sauya mata wurin zama da kalma ɗaya.

Yau da safe na ce, "Guten Morgen, Oma." Ya fita ba gargada.

Lahadi, 26 ga Janairu, 2025

Na gwada tsohuwar takardar jarrabawa, irin ta cibiyar Goethe. Kashi huɗu ce: karatu minti 65, sauraro wajen minti 40, rubutu awa ɗaya, magana kuma mutum biyu-biyu na kamar kwata. Kowane kashi sai an sami maki 60 cikin 100, wanda aka faɗi kuma shi kaɗai ake sakewa. Karatu na sami 73. Sauraro 47. In ina ganin bakin mutum ina ganewa, in murya ce kawai sai ta wuce ni.

Malamar ajinmu na yamma ta tsayar da ni da na ce "jot" (ana furta shi "yot") maimakon "gut", wato da kyau. Ashe wani abin da nake kwasowa a tebur Kölsch ne, karin harshen Kolon, inda g ke komawa y a farkon kalma. Kamar baƙo ne ya koyi Hausa a Sakkwato ya je rubuta jarrabawa da daidaitacciya. Na kai ƙara wurin Oma, ta ce ita ba ta ga laifin "jot" ba, amma ta yarda daga Litinin zuwa Juma'a za ta riƙa yi mini Jamusancin makaranta. Asabar da Lahadi nata ne.

Yanzu muna wasa. Tana ce mini ba shayi nake sha ba, sukari nake jiƙawa. Ni kuma na ce mata burodi mai sanyi da cuku ba abincin dare ba ne, na mai jiran abinci ne. A kan haka ta ba ni kicin ranar Asabar. Na tuƙa tuwo da garin alkama mai tsaki-tsaki da suke kira Grieß, na kaɗa miyar kuka da daddawar da Umma ta ƙunso mini. Oma ta shigo, ta shaƙa, ba ta ce uffan ba ta wangale tagogi biyu. Amma ta ci malmala ɗaya da cokali, da na yi mata tayin ƙari ta ce a'a, ni kuma ban sake ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Yau azumi goma sha shida. Mun ɗauka ranar Asabar 1 ga wata, rana ɗaya da gida, a tsakiyar bikin Karneval da garin nan ya yi suna a kansa. Ranar Litinin 3 ga wata, wadda suke kira Rosenmontag, na raka yaran kallon jerin gwanon motoci. Jama'a na ihun "Kamelle!", ana watso alawa daga sama kamar ruwa. Na tara jaka guda da bakin azumi, na ajiye wa shan ruwa waɗanda yaron ya tantance mini.

Kwana biyu bayan nan Oma ta dawo daga coci da toka a goshi. Ita 'yar Katolika ce, nasu azumin na kwana arba'in ya kama ke nan har Ista, 20 ga Afrilu. Ta bar kayan zaƙi gaba ɗaya, ranar Juma'a kuma ba nama. Tambayar da kowa ke yi mini a garin nan ita ma ta yi: "Nicht mal Wasser?" Ko ruwa? Na ce ko ruwa. Mun yi kusan awa muna kwatanta azuminmu da nasu, kuma sai da na kwanta na lura ban buɗe ƙamus ko sau ɗaya ba.

Abin da na fi so in rubuta shi ne na tebur. Farkon wata rana tana faɗuwa wajen shida da kwata, saboda haka shida da rabi ta yi mini daidai. Amma kullum faɗuwar rana na ƙara jinkiri da kusan minti biyu, a makon jiya magariba ta tsallake shida da rabi. Na yi niyyar in riƙa zama ina kallonta tana ci. Sai kuma na tuna da jimla shidan nan na Nuwamba, na je na same ta a kicin na gaya mata kai tsaye. Ta ce in kawo jadawalin. Ta manna shi a firji kusa da takardar awanni, kuma tun ranar kullum ita ke duba shi ta ja lokacin abinci. 'Yarta ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an motsa shida da rabin nan ba. Dabino ma yanzu a kan tebur yake, ko da yake Oma ta ce shi ma kayan zaƙi ne, ba za ta taɓa ba sai Ista.

Sahur ina yin sa a ɗaki da filas, don daga goma na dare zuwa shida na safe lokacin shiru ne a gidajen nan.

Lahadi, 30 ga Maris

Salla. A daren ne kuma aka tura agogo gaba, barcin ya ragu da awa ɗaya. Na yi idi a babban masallacin unguwar Ehrenfeld, cikin Turkawa da Larabawa da 'yan Afirka. Da na dawo unguwarmu ba kowa a titi, kantuna a rufe kamar kowace Lahadi. Na tuna ƙofar fadar Zazzau da dawakai da algaita, na tuna yaran gidanmu da sababbin ɗinki suna yawon barka da salla.

Oma ta tambaye ni me ya faru. Ban ce ba komai ba. Na ce, "Ich habe Heimweh." Ina kewar gida. Ta jawo kujera ta ce in ba ta labarin yadda ake yi tun daga asuba, kar in tsallake komai. Da na kira gida ta karɓi wayar ta ce wa Umma "Barka da salla", yadda na koya mata.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na yi rajistar jarrabawa, watan gobe ce. Gwajin jiya: karatu 80, sauraro 63. Ya haye, amma da ƙyar, ba zan saki jiki ba. Tun Fabrairu kullum da safe ina jin labaran da DW ke karantawa a hankali domin masu koyo. Gidan rediyon da Baba ke kama sashen Hausarsa a Zariya ne, kuma ga shi nan Bonn, tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa.

Ranar Talata Oma ta miƙo mini waya ta ce in nema mata ranar ganin likitan ido. Matar da ta ɗauka tana magana kamar ana korar ta. Da can sai in ce "Ja, ja" in ajiye ban gane ba, don kar in wahalar da mutum. Na ce, "Können Sie bitte langsamer sprechen?" Don Allah ko za ki yi magana a hankali? Ta sassauta, na rubuta rana da lokaci, na maimaita mata ta tabbatar. Oma ta sa minti goma sha biyar a takardar firji. Na ce mata jika ba ya karɓar lada a wurin kakarsa. Ta ce yarjejeniya yarjejeniya ce, kuma a watan Afrilu na yi awa 18, saboda haka wannan watan 14 take bi na. Na daina jin ciwon takardar nan. Na lura saboda ita ce Oma ba ta jin nauyin sa ni aiki.

Abin da ya rage kafin Yuni: wasiƙa uku a mako ta gyara mini, da ƙananan kalmomin nan irin "in" da "an" da "auf", da har yanzu nake rikita abin da ke biyo bayansu. Ɓangaren magana kuma surukin ya yarda ya zama abokin gwajina ranar Laraba, don in saba da muryar da ba ta Oma ba.

Tumatirin da muka shuka a taga ya isa dashe, amma ta ce ba za a fitar da shi lambu ba sai 15 ga wata ta wuce, ranar da suke kira Kalte Sophie, don kafin nan sanyin dare na iya dawowa ya ƙone shi. Na roƙi kusurwa ɗaya ta jikin bango inda rana ta fi zama, zan gwada kuɓewa. Ta ce ba za ta yi ba a ƙasar nan. Na ce mu gani. Ta riga ta rubuta awa biyu a ranar Asabar.